Amfilifayar Aling Luz

Aling Luz Magpantay ba ta taɓa koyon kiɗan jita ba, amma a layin Raon na Manila duk makaɗin da amfilifayarsa, wato akwatin ƙara sautin jita, ta shaƙe, rumfarta yake nufa. Shekara talatin ke nan tana zaune bayan teburin nan, tabarau a karan hanci, hayaƙin dalma na tashi a gabanta.

Maza biyu ne suka jefa ta cikin sana'ar. Yayanta Erning ya yi samartakarsa yana yi wa sojojin ruwan Amurka kiɗa a Olongapo, ya dawo da amfilifaya ƙirar Amurka mai murya garau, kamar an ƙwanƙwasa cokali a kofin gilashi. Mijinta Dodoy kuwa otal-otal ɗin Hong Kong ya zaga, ya dawo da ta Ingila, wadda in an murɗe ta sai ta riƙa gurnani mai kauri da kaushi. Duk wadda ta lalace, kan teburin cin abincin Luz ake dire ta. Ranar da ta gaji da kawar da su kafin ta zuba shinkafa, sai ta ɗauko sukundireba ta kwance ɗaya. Wani tsoho mai gyaran rediyo a unguwarsu ya nuna mata inda wuta ke kisa, sauran kunnenta ne ya koya mata.

Kowace Lahadi in an taso daga coci, Erning zai zo cin abinci, gardama ta tashi.

"Suruki, taka fa mura take yi," in ji Erning. "Ka kai ta asibiti mana."

"Taka ce ba ta da jini a jika," Dodoy ya mayar. "Kiɗan ɗakin jiran likitan haƙori!"

Erning ya juya. "Luz, ke ce mai kunne. Gaya masa gaskiya."

"Kuya, yayana, ni dai na san dukansu ƙura ce fal a ciki. Ku ci taliyarku kafin ta huce."

Shekarar da guguwa ta zo da ambaliya, amfilifayun biyu suna ƙasan gidanta suna jiran gyara. Ruwa ya kai ƙirji. Da ya janye, aka fito da su jage-jage da taɓo. Mazan suka tsaya a kansu. Erning, mai shekara sittin da bakwai, ya juya baya yana goge ido da gefen singileti. Abin ya tsaya wa Luz a rai, don tun rasuwar mahaifiyarsu ba ta ga hawayensa ba.

Mako uku tana shanya kayan cikinsu a kan rufin kwano, tana gogewa da buroshin haƙori. Ta Amurka sifikarta ta ruɓe. Ta Ingila kuma sashen da ke karɓar sautin jita ne ya mutu. Sai ta haɗa rabin waccan da rabin wannan a akwatin katako da kafinta maƙwabcinsu ya ƙera mata.

Ta kira mazan biyu. Dodoy ya jona jita, ya shafa tsirkiya a hankali, sauti ya fito tas. Ya doka da ƙarfi, akwatin ya yi gurnani.

Dodoy ya ce, "Ka ji ta nan! Tawa ce!"

Erning ya ce, "Kai, ji saman muryar dai. Wannan tawa ce sak!"

Luz ta zare waya daga bango.

"Tawa ce. Kuma ba mai fitar min da ita daga gidan nan."

Tun daga lokacin Erning sau uku yake zuwa a mako, har matarsa ta fara aiko shi da busasshen kifi don kada ya cinye musu abinci. Shi da Dodoy suna karɓa-karɓa a kan amfilifayar, kowa waƙa biyu. Wasu samari makaɗa da suka ji labari sun roƙi Luz ta haɗa musu irinta. Ta yi guda huɗu, ta ce idonta ya gaji. Yanzu da safe kawai take buɗe rumfa, azahar na yi ta rufe ta hau jifni, motar haya, zuwa gida.