Ai Maigidanki Yana da Rai

A cocinmu na Dutsen Kura, a Minna, duk Lahadin da ke gaban Kirsimeti akan raba shinkafa da man ja. Daga kan bagade ake kira: gwauraye su fito, wato matan da mazansu suka mutu. Su jeru a gaba, mu kuma mu yi ta tafi kamar mun gama biyan Allah.

Ina da maƙwabciya a lokacin, Bagwariya, mai soya doya a bakin titi. Mijinta direban tifa ne kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ga shi famfon unguwarmu ado ne kawai, ruwan madatsar Tagwai sai dai mu ji labari. Yara kuma ba su san ciwo ba, ciki suka sani.

Shekarar da abin ya kai mata wuya, da aka yi kiran sai na ga ta miƙe, ta bi bayan gwauraye tana gyara ɗankwali. Matar dattijon coci, wadda ke riƙe da mudun rabo, ta tare ta da murmushi.

"Mama, yi haƙuri, na gwauraye ne. Ai maigidanki yana da rai."

"E, yana da rai," in ji ta. Ta koma mazauninta, duk coci na kallo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A taron mata na tayar da maganar, na ce yunwa ake dubawa ko kabari? Aka ce tsari ne, in aka buɗe wannan ƙofa kowace za ta ce mijinta ba lafiya. Ba mugaye ba ne, abin da ya fi damuna ke nan. Matan da ke azumi ne, suna kuka wajen addu'a. Kalma ɗaya muka samu a wa'azi muka yi shinge da ita. Wata Banufiya ta gidan gaba, Musulma daga Bida, ita ke aiko wa maƙwabciyata da tuwo, kuma ba ta taɓa tambayar ko waye ya mutu ba.

Da damina mijin ya rasu. Nan fa muka nuna mun iya zumunci: rumfa, kujeru, waƙoƙi, shinkafa har da nama.

Disamba ta zagayo, aka kira gwauraye. Maƙwabciyata ba ta motsa ba. Matar dattijo tana yafito ta da hannu, ni kuma na taɓa ta.

"Maman yara, da ke ake."

Ba ta dube ni ba. Cikin Hausarta ta 'yan Minna ta ce, "Mama, bara ne maigida ya roƙe ni shinkafa na Kirsimeti. Na ce ya jira, coci zai ba mu."