Ruwan Sahur a Saman Bene

Shekarar da gwiwoyina suka ƙi ni, babban ɗana ya zo Yako ya ɗauke ni zuwa birni, wai in zauna kusa da asibiti. Ya ba ni ɗaki mai siminti da fanka. Bazara ce, ga azumi ya kama. Sati uku na yi ban san daɗin barci ba.

A birni rana kan faɗi ta bar zafinta a baya. In na dafa bango bayan isha'i, sai in ji ɗumi kamar bayan jakin da ya wuni da kaya. Kwalta na huci, katangar maƙwabci na huci, hayaƙi kuma ya tokare sama, duk abin da ya tashi sai ya dawo kan mutum. A gida kuwa, in gari ya yi garau, ƙasa kan saki zafinta ya haye sama, kafin asuba kana laluben mayafi. Sai daren da hadari ya haɗu muke kwana cikin gumi.

Na faɗa wa yaron haka, ya ce sama ai ɗaya ce, kewar gida ce ke damuna. Ni da karatuna bai wuce izu biyu ba, shi ma da bulala, ina ni ina gardama da mai digiri? Sai na ce mu gwada abin da marigayiya uwarsa ke yi: a zuba ruwa a faffaɗan kasko, a bar shi a sarari ba murfi, da sahur a sha har haƙori ya amsa. In ya yi sanyi a nan, na zauna. In bai yi ba, a mai da ni gida. Ya yarda, matarsa ta ɗora kaskon a saman bene.

Sai tsoro ya kama ni, kada ruwan ya ci amanata ya yi sanyi. Da gida ya yi tsit na saci filas ɗin shayin surukar tawa don in ɗumama ruwan, na ja jiki matakala bayan matakala, ina hutawa ina nishi. Na tsoma yatsa, na ji shi ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Ashe wahalar banza na sha.

Saukowa ce ta gagara. A nan ɗan nawa ya same ni zaune, rungume da filas. Bai ko dubi kaskon ba.

"Baba, da waɗannan gwiwoyin ka hau nan?"

Na ce, "Da su zan koma Yako, in ka ƙi."

Ya goya ni muka sauko. Bayan Sallah ya kawo ni gida.

Yanzu asibiti ya yi nisa, sai an ɗora ni a babur. Sanyin asuba kuma na cin gwiwoyin nan kamar gara. Nakan ja mayafi, in yi ta mita ni kaɗai, har barci ya ɗauke ni.