Malam Dabo da ƙarfen da ya daina bugawa

Tun kafin ƙarfe bakwai Malam Dabo maigadi yake buɗe ƙofar wata firamare a Ƙofar Durbi. Ya share fili, ya cika randuna, sannan ya buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin darbejiya, yara su shiga aji. Shekara ashirin yana haka, har aka kawo Nafisa aji ɗaya.

Nafisa tana da lalurar galahanga. Ba ta haɗa ido da mutum, ba ta cika magana ba, kuma sau huɗu a rana takan toshe kunne ta zube tana ihu. Abin da ya biyo baya har yau yana ba ni kunya. Iyaye, wasunsu da digiri, suka taru suka ce aljanu ne, a mayar da ita gida kada ta shafa wa 'ya'yansu. Wata uwa har ta hana ɗiyarta shan ruwa a moɗa ɗaya da yarinya 'yar shekara shida. Hedimasta ya ba mahaifinta, Habibu, mako guda ya ɗauke ta.

Malamai goma sha biyu, babu wanda ya lura da komai. Maigadin da bai taɓa zama a aji ba shi ne ya shiga ofishin hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ɗiyar nan ba ta ihu sai na buga ƙarfe. In aljani kuke nema, ga ni nan."

Aka yi masa dariya, ya roƙi kwana uku. Ya ajiye guduma, ya riƙa bin aji-aji da ciwon gwiwarsa, ya yi sallama a hankali ya ce, "Lokaci ya yi." A kwana ukun nan Nafisa ba ta yi ihu ko sau ɗaya ba. Masu dariya suka rasa inda za su sa fuska.

Malam Dabo, kai ne ka yi shekara shida kana wannan zagaye, ana maka tsiya ana kiranka agogo mai ƙafa, don yarinya ɗaya ta gama firamare. Ta kuma gama bana.

Ranar da aka yi maka bankwanan ajiye aiki, Nafisa ta ratsa taro, kanta a ƙasa, ta kama hannun rigarka.

"Baba Dabo, lokaci ya yi."

Habibu ya fashe da kuka, mu ma muka kasa riƙewa.

Mun gode, Malam, Allah Ya saka maka da Aljanna. Ku kuma masu makarantu, kafin ku kori yaro irin Nafisa, ku fara duba abin da ku kanku kuke bugawa.