Anti Duhu da Allurar Mama

Anti Duhu ake ce mata a sashen masu ciwon zuciya, don tun tana budurwa take aiki a ɗakin da ba a kunna fitila, daga ita sai na'urar hoton zuciya. Yanzu furfura ta cika mata kai, kafaɗarta ta dama ta karkace saboda danna na'ura a ƙirjin mutane. Fara'arta kuwa tsada gare ta. Ranar da na fara kai Mama, sai da na ce a raina ni da matar nan ba za mu shirya ba.

Mama tela ce. Ƙafafunta sun kumbura, cikinta ya tara ruwa, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta huta a hanya. Likita ya ce wata 'yar ƙofa ce a ɓangaren dama na zuciyarta ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya. Tiyata za ta iya gyara ta, amma sai ya ga ko ɓangaren yana da sauran ƙarfi. In ya riga ya gaji, ba zai taɓa ta ba, sai magani da addu'a.

Ganin ne aiki. Ɓangaren dama a bayan ƙashin ƙirji yake laɓewa, huhu kuma yana tare shi duk sanda aka yi numfashi. An kai Mama babbar na'urar nan mai kama da rami, ta leƙa ta ce ba za ta shiga kabari da ranta ba. Aka dawo da mu wurin Anti Duhu.

"Yaya, ja numfashi ki riƙe," in ji ta.

Mama ta ja, tsoro ya kama ta, ta hau haki. An yi an yi, hoton sai dishi-dishi. Ni kuma na tsaya a kanta ina ta "Haba Mama, ki daure mana!"

"Ke, kika ƙara magana sai waje," Anti Duhu ta ce mini. "Da faɗa yana fito da hoto, da tuni na huta."

Ta ajiye na'urar, ta zauna bakin gado kamar babu layi a waje, ta kama hannun Mama.

"Wannan kantar ta yatsa fa?"

"Ɗinki, ƙanwata."

"Amma dai yanzu sai an zura miki zare ko?"

"Wa? Ni? Kawo ki gani."

Tela ba ta rabuwa da allura, na zaro ɗaya daga jakar Mama. Anti Duhu ta kwantar da ita rigingine, ta kunna 'yar fitila, ta lallaɓa ta ɗora na'urar a ƙarƙashin haƙarƙari. Mama ta ɗaga allura, ta ƙanƙance ido, ta ja numfashi, ta riƙe shi. Ashe haka take yi in za ta zura zare, ita kanta ba ta sani ba. Sai ga zuciya ta fito tar, tana matsewa tana saki.

"Ban gani ba, Yaya, sake."

Ta sake. Aka ƙara cewa ta sake, har Mama ta fusata ta ce in makauniya ce a gaya mata. Anti Duhu dai hannunta na kan maɓallai.

"Anti, me kika gani?" na tambaye ta.

"Faɗi aikin likita ne. Nawa in nuna masa."

Da kanta ta kai masa hotunan. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce ɓangaren ya wahala amma bai sare ba. Za a yi aikin.

Da gudu na koma ɗakin duhun, ko sallama na manta.

"Anti, ya ce za a yi!"

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta juya mini baya, ta daɗe tana goge na'urar da ta riga ta goge, na ji tana jan hanci. Ban taɓa son baƙuwar fuska kamar yadda na so ta a lokacin ba.

"To, ja mini ƙofa," in ji ta. "Ki ce wa na gaba ya shigo."