Minti Biyar ga Kowane Ɗan Takara

An sha gaya mini cewa ba za a taɓa gama zaɓe a ƙasar nan ba tare da wani ɗan takara ya riƙe lasifikar masallacinmu ba. Masu faɗar haka ba jahilai ba ne. Sun ce mu Hausawa, na Najeriya da na Gana, ba mu iya hana baƙo magana bayan sallar Juma'a ba, balle idan addu'a ya zo nema. Sun ƙara da cewa ranar da ɗan wani daga cikinmu ya tsaya takara, takardun da nake tinƙaho da su za su koma cikin durowa.

Masallacin namu yana saman wani sito na 'yan sari a Cheetham Hill, wata unguwa a birnin Manchester. Ni na cike takardun da aka yi masa rajista a matsayin ƙungiyar agaji, da alƙalamin tawada, bayan na yi ritaya daga ofishin kamfanin bas. Rajistar ta ba mu rangwamen haraji, ta kuma ɗora mana sharaɗi: muna da 'yancin yin wa'azi a kan abin da addininmu ya koyar, amma ba mu da ikon tallata wata jam'iyya ko wani ɗan takara. Ni ne shugaban amintattun masallacin, saboda haka tsare sharaɗin a wuyana yake.

Sai ga ɗan aminina ya tsaya takarar kansila. Aminin nan nawa mutumin Kumasi ne, tela, kuma shekaru da yawa kafaɗarsa ce ke taɓa tawa ta dama a sahun farko. Ɗan nasa shi ne mijin 'yata ta biyu. Aminin nawa Hedimasta yake kirana, don aikin da na yi ke nan a Zariya kafin na zo nan. Ya same ni a gida wata Asabar, aka kawo masa shayi.

"Hedimasta, ba jawabi zai yi ba. Liman ya ambace shi a addu'a, jama'a su ce amin. Amin ɗin ma sai an cike fom?"

Na ce, "Alhaji, amin da aka yi wa ɗan takara ɗaya daga kan mumbari talla ce, ko da wane suna muka kira ta."

"'Ya'yansa fa jikokinka ne."

"Na sani. Masallacin kuma na jikokin kowa ne."

Ya miƙe bai taɓa shayin ba. Juma'a uku a jere ya hau bas zuwa wani masallaci a Levenshulme, ni kuwa na yi salla kusa da mutumin da ban sani ba. Ban gaya wa kowa yadda abin ya dame ni ba, amma uwargidana ta lura da tuwon da nake ragewa.

Ita ta tura ni Birmingham wurin abokin karatuna, wani Kirista da muka zauna benci ɗaya a sakandare, wanda yanzu dattijo ne a wata majami'a a Handsworth. Har yau Monita yake kirana. Da na kwashe labari na gaya masa, sai ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Monita, mu ma irin rajistarku gare mu. Ba hana su zuwa muke yi ba. Kiran su muke yi duka, rana ɗaya, mintin wani bai fi na wani ba. Ga ƙararrawar hannu, ara maka zan yi."

"In shiga masallaci da ƙararrawa? So kake a yi mini ritaya ta biyu?"

Matarsa, wadda ke zuba mana shayi, ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa gefen kofi sau biyu, ta dube ni. Da wannan dabarar na komo Manchester.

Na rubuta wa duk waɗanda ke takara a unguwarmu wasiƙa iri ɗaya, ba bambancin ko waƙafi. Huɗu suka amsa, har da surukin nawa. Muka sa taron ranar Lahadi bayan azahar, a ɗakin da ake karatu, ba a inda ake salla ba. Mata suka zauna a gefe guda, maza a ɗaya gefen. Na zauna a tsakiya da babbar rigata fara, agogo a hagu, cokali da kofi a dama. Can baya, kusa da ƙofa, na hango hular aminina.

Kansila mai ci, wata Baturiya da ta zo da gyale don girmama wurin, ita ta fara. Minti biyar na cika na buga kofi tana tsakiyar jimla. Ta yi murmushi ta zauna. Haka na yi wa na biyu da na uku. Surukina ya zo a ƙarshe, shi ma na katse shi daidai lokaci, ban kuwa duba bayan ɗakin ba.

Aka shiga tambayoyi, minti biyu ga kowace amsa. Wata ma'aikaciyar jinya, uwar 'ya'ya daga cikin matanmu, ta miƙe. Ta ce asibitin tazarar haihuwa na unguwa hukumar birni, wato council, ke ɗaukar nauyinsa, kuma wasu mata a ɗakin nan suna zuwa, wasu ba sa zuwa saboda yadda suka fahimci addininsu. Me 'yan takara za su yi don mai zuwa ta samu mace mai duba ta da mai yi mata tafinta, wadda ba ta so kuma kada a matsa mata?

Ukun farko suka amsa, na buga musu kofi. Da aka zo kan mijin 'yata, sai na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙeya. Suruki zai yi maganar haihuwa a gaban uban matarsa! Na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma. Shi kuwa ya kafa ido a bango, yana magana da Turancinsu na Manchester yana gauraya Hausa. Ya ce ba aikin kansila ba ne ya shiga tsakanin mace da imaninta; aikinsa shi ne ƙofa ta kasance a buɗe, a kuma girmama wadda ta shiga da wadda ta wuce. Ya yi ta magana. Agogo yana hannuna, amma idona ba ya kansa.

Sai murya ta taso daga bayan ɗaki.

"Hedimasta! Lokacinsa ya wuce! Buga kofin nan mana, ka bar yaro yana ta zuba a gaban iyayensa!"

Ɗaki ya kaure da dariya, ta mata ta fi ta maza ƙarfi. Na buga kofin da ƙarfin da ban yi niyya ba. Surukina ya ce, "Na gode, Baba," ban kuma san ko ni yake nufi ko mahaifinsa ba.

A bakin matakala, muna neman takalma, aminina ya tsaya kusa da ni.

"Minti ɗaya da rabi ka ƙara masa. Na duba agogona. In hukuma ta ji fa?"

"Kunya ce, Alhaji, ba son kai ba."

"To ka rubuta haka a fom."

Ban gaya wa kowa wanda na jefa wa ƙuri'a ba, har 'yata, wadda ta tambaye ni sau uku. Sakamakon zaɓen kuma yana wurin waɗanda aikinsu ne su adana shi. Abin da nake so a adana daban yake. Ran Juma'ar da ta biyo bayan taron, ana tayar da iƙama na ji kafaɗar da na sani ta taɓa tawa ta dama. Bayan salla liman ya roƙi Allah ya zaɓa wa unguwarmu mafi alheri, bai ambaci sunan kowa ba, amin ɗin aminina kuwa ya fi na kowa ƙarfi. Wannan ranar nake so a rubuta a littafin masallaci, da tawada: Juma'ar ƙarshe ta watan Afrilu, a shekarar da aka haifi jikata ta huɗu.