Gorar da Muka Kai Gidan Mama

Maigidana malamin makaranta ne, kuma mutum ne da in ya ga abu a waya, to ya zama doka a gida. Wata rana ya dawo daga aiki ko takalmi bai cire ba, ya ce in daina ba 'yarmu ruwan famfo. Wai maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, in ya haɗu da dattin ganye da laka, yakan haifar da wani abu da ke taruwa a jikin ƙananan yara. Lokacin ko yaye ta ban yi ba. Na ce, "Haba Malam, mu da muka girma da ruwan mayo, ruwan kogi tsagwaronsa?" Ya ce wannan daban. Gaskiya ni ma tsoro ya kama ni, don akwai ranakun da ruwan ke zuwa da wari kamar ɗakin haihuwa na asibiti. Muka koma ruwan roba saboda ita.

A gidanmu abin bai dami kowa ba. Matsalar tana gidan Mama, mahaifiyarsa. Tsohuwar ta bar gonarta a Bahuli bayan rasuwar mijinta, ta zauna a cikin Mubi don ta yi kusa da jikarta. Duk Lahadi bayan coci can muke wuni. Tana dama wa yarinyar kunun gyaɗa, ta ɗora ta a cinya tana ce mata "ƙawata", su yi ta surutun da su kaɗai suke ganewa. Kuma Mama na ji da famfon nan nata, don wuyanta ya sha tulu tun tana budurwa.

Wata Lahadi Malam ya sa na cika gora da ruwanmu muka tafi da ita. Mama ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa wa yarinyar, kamar yadda ake tarbar kowa. Ya tare hannunta, ya ce, "Mama, bari, mun zo da nata." Matan gidan hayar da take zaune suna tsakar gida suna tsince wake, duk suka ɗago kai.

Shi a ransa maganar famfo yake yi. Amma a wajen mutanensu, wanda ya zo gidanka da ruwansa ya gama faɗa maka cewa yana tsoron hannunka ne, wato yana zarginka da maita. Ga ta kuma tsohuwa, gwauruwa, mai zaman kaɗaici. Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa: ɗanta na cikinta ma ya hana ta ba jikarta ruwa, to me ya gani? Iyaye suka fara janye yaransu daga ƙofarta. Kai, bakin mutane!

Malam ya je ya yi bayani, har da nuna mata waya. Ta saurare shi tsaf, ta ce, "Na ji." Da damina ta faɗi, ta tattara kayanta ta koma Bahuli. In mun ce za mu zo, sai ta aiko cewa tana gona.

Har yau ban san iyakar gaskiyar abin da ya karanta ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini ruwan da ba a sa wa maganin ba ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Wataƙila yana da hujjarsa. Amma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna, don an tsare cikin yarinya, an raba ta da kakarta.

Sai da Mama ta kwanta ciwo muka samu shiga ɗakinta. Yarinyar ta riga ta shiga firamare. Tsohuwar ta ɗago, idonta ya cika da hawaye, ta miƙa hannu za ta shafa kanta, sai ta tsaya, ta mayar da hannun cikin zane. Yarinyar ta laɓe a bayana, ta ja mayafina, ta ce mini, "Wace ce wannan? Yaushe za mu tafi gida?"

Tsohuwar ta ji ta sarai. Ta juya fuskarta bango, ta ce, "Ku tafi da ita, 'yata, kada rana ta yi muku."