Littafin da na ɓoye wa Adda

A Lokuwa an san ni da abu ɗaya: ba mai ce min yana neman abin karantawa ya tafi hannu rabbana. Ba wanda ya sa ni, ni na ɗora wa kaina. Telan layinmu ya ce labaran soyayya ciwon kai suke sa masa, na ba shi wani littafi a kan rayuwar fataken shanu na bakin iyaka, ya nutse a ciki har ya ƙona rigar wani da dutsen guga. Ɗaliban da ke haya a bayan gidanmu kuwa sabbin labaran da ake turawa ta waya suke so, ni nake tace musu. Ƙa'idata ita ce ba na ba da abin da ban karanta ba, kuma sai na karanci mutum kafin in zaɓa masa.

Shekarar da mijin Adda ya rasu ne wannan iyawar tawa ta ƙi ni. Adda ita ce babbar yayata, tana aure a Kwaja. Mace ce da ba ta san zama ba: gona, kasuwa, sarin gyaɗa, ga baki kamar rediyo. Mijin ya kwanta ciwo a farkon damina, kafin shuka ta fito ya cika. Ta shiga takaba, zaman gidan nan da mace ke yi bayan rasuwar miji. Tun daga nan bakinta ya mutu. Wata safiya uwar mijinta ta kira ni, da irin Hausarta ta tsofaffin ƙabilar Gude, wadda ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Ka zo ka ga yayanka. Ba ya ci, ba ya magana, yana ramewa."

Na je na gani da idona. Mata na shiga suna fita, kowacce ta durƙusa ta ce, "Sai haƙuri," Adda ta gyaɗa kai, idonta a bango. Ko hawaye babu, ana ta yabonta wai mai tawakkali. Ni tsoro ne ya kama ni, don na san Addata, wannan ba tawakkali ba ne.

Na koma gida na zazzage kwalayena. Na fara da littattafan rarrashi, masu bayanin ladan wanda ya jure. Ta karɓa ta ajiye a kan taga. Na koma kan ƙagaggun labarai, amma sai na bi kowanne shafi-shafi ina farautar mutuwa. In miji ya yi tari a babi na uku, na jefar da littafin. A cikin keke nake karatu, a bakin murhu nake karatu, miya ta kama ban ji ba. Na kai mata masu ban dariya, na kai mata masu ƙarewa da biki. Duk suka haɗu a kan tagar nan, danshin damina na kumbura su. Haushi ya ishe ni, ni da ake yi wa kallon gwana, na rasa abin da zan ba 'yar uwata.

Akwai wani littafi da na fara tacewa na ga ba shi da wurin zuwa. Labarin wata mata ce da mijinta ya mutu, ita kuma daga farko har inda na kai faɗa take yi da shi. Tana share ɗaki tana yi masa masifa, don me ya tafi ya bar ta da rufi yana yoyo. Na ce a raina, wannan ko kusa da Kwaja ba zai je ba. Amma ni kaina na kasa ajiye shi, don haka yana cikin jakata ranar da na kai mata ziyara. Na bar jakar a ɗakinta na je taya surukarta surfe. Sai da na dawo Lokuwa na laluba, babu littafi.

Na kira wayarta, a kashe. Ga ruwa ya tsinke, ba mai keken da zai yarda ya nufi Kwaja. Na zauna, na tashi, na wanke kwanukan da na riga na wanke. Gani nake na kai wa mai ciwo abin da zai ƙarasa ta.

Da safe na same ta a ƙofar ɗaki, ba a ƙurya ba. Idanunta sun kumbura sun yi jawur, littafin na kan cinyarta, ga kofin kunun gyaɗa a gefe ta sha rabi. Na fara kame-kame. Ta ɗaga min hannu.

"Na ce masa ya je asibiti," in ji ta, muryarta a dishe. "Ya ce sai an gama shuka. Shuka. Ga ta can ta fito, sai ya zo ya ci mana."

Tun rasuwar ban ji ta ambace shi ba.

"Kowa ya shigo, haƙuri. Ke ma kin ɗebo min littattafai, su ma haƙuri suke ba ni. Wannan matar kaɗai ce ta bar ni na ji haushinsa." Ta shafa bangon littafin. "Autar mama, kina da wani irinsa?"

Ba a taɓa yi min wannan tambayar na rasa amsa ba. Na buɗe baki, sai kuka ya riga ni fitowa, don ni ma mutumin nan shi ya yi min ɗawainiyar makaranta, kuma ban yi masa kuka ba saboda ina ta aikin tacewa. Adda ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarma, ta turo min sauran kunun.